AJIYAR BAYANAI BISA ƘA'IDA: Yadda Manyan Cibiyoyin Kwamfuta Ke Tsare Amanar Jama'a

Gabatarwa

A zamanin da, idan ana son a san shekarun da ma'aikaci ya yi a bakin aiki, sai a aiki masinja rajista ya ɗauko fayil ɗinsa. Yau kuwa yawancin irin waɗannan bayanai sun koma cikin kwamfuta. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da lambar banki ta BVN wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a shekarar 2014, da lissafin albashi da na fansho, duk ana ajiye su ne a wasu gine-gine da ake kira cibiyoyin adana bayanai. Talaka ba ya shiga waɗannan wurare. Amma ranar da wani abu ya ɓace a cikinsu, shi ne zai fara ji a jikinsa, ko dai albashi ya makara, ko asusun banki ya ƙi buɗuwa.

An shirya wannan darasi ne domin a bayyana wa jama'a wata hanya da manyan ma'aikatu da kamfanoni na duniya ke bi wajen tsare bayanai. Sunanta ajiya bisa ƙa'ida. Ma'anarta a taƙaice ita ce, a rubuta irin kulawar da kowane bayani ya cancanta, sa'an nan a bar kwamfuta ta zartar da abin da aka rubuta, ta kuma yi ƙara idan an saɓa masa.

1. Abin da ke cikin cibiyar adana bayanai

Wanda ya shiga irin wannan cibiya zai tarar da jerin akwatunan ƙarfe masu tsawon mutum, ga sanyi, ga ƙarar fanka dare da rana. A cikin kowane akwati an jera manyan kwamfutoci marasa allo, waɗanda za a kira su iyayen kwamfutoci a wannan darasi. Aikinsu shi ne lissafi da amsa buƙatun da ke zuwa daga ofisoshi da wayoyin jama'a. Bayanan kuwa suna zaune ne a kan faifai.

Faifai iri biyu ne. Akwai mai juyi, wanda kamfanin IBM na Amurka ya fara sayarwa a shekarar 1956. Na farkon yana da faranti 50, kowanne faɗinsa inci 24, kuma abin da yake ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Akwai kuma faifan lantarki, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Shi ya fi sauri, ya kuma fi tsada. Yau ana auna abin da faifai ke ɗauka da gigabayit, watau kimanin haruffa miliyan 1,000.

Abin da ya wajaba mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, kowane faifai yana da ranar mutuwarsa. Inda aka tara dubbansu kuwa, mutuwar ɗaya ba abin mamaki ba ne, abin yau da kullum ne.

2. Mece ce kwamfutar kwaikwayo?

Uwar kwamfuta guda tana da ƙarfin da ya fi abin da aiki ɗaya ke bukata. Saboda haka aka ƙirƙiro wata manhaja da ke raba ƙarfinta kashi kashi, kowane kashi ya riƙa aiki kamar cikakkiyar kwamfuta mai zaman kanta. Wannan kashi shi ne kwamfutar kwaikwayo. Misalinta kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa. Gini ɗaya ne, rijiya ɗaya, amma kowane ɗan haya da ƙofarsa da mabuɗinsa, kuma ba ya ganin abin da ke ɗakin maƙwabcinsa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. IBM ya fito da manhajar VM/370 a shekarar 1972 domin manyan kwamfutocinsa. Kamfanin VMware, wanda aka kafa a jihar Kalifoniya a 1998, shi ne ya yaɗa ta a kan kwamfutoci masu sauƙin kuɗi, musamman bayan ya fito da manhajar ESX a 2001. Daga 2003 har ya zama ana iya ɗauke kwamfutar kwaikwayo daga wata uwa zuwa wata tana cikin aiki, ba tare da an kashe ta ba.

A nan ne batun ajiya ya taso. Kwamfutar kwaikwayo ba ta da faifai na kanta. Abin da take ɗauka faifanta ne, a haƙiƙa wani babban fayil ne da ke zaune a ma'ajiyar da ɗaruruwan 'yan'uwanta ke tarayya a kai. Lafiyarta duka tana rataye ne ga inda aka ajiye wannan fayil, da irin kulawar da ake yi masa.

3. Tsohuwar hanya da illarta

Kafin a soma ajiya bisa ƙa'ida, ga yadda ake yi. Jami'in da ke kula da ma'ajiya zai yanka ta gida gida, kamar rumbuna. Wannan rumbu mai sauri ne, an kuma tsare shi ƙwarai. Wancan matsakaici ne. Na uku kuwa mai arha ne, ba a kashe masa kuɗi ba. Sau da yawa akan laƙaba musu sunan zinariya da azurfa da tagulla. Idan aka buɗe sabuwar kwamfutar kwaikwayo, sai wani jami'in dabam ya duba takardarsa, ko ya dogara ga abin da ya tuna, ya zaɓar mata rumbu.

Wannan hanya tana da illa uku. Ta farko, duk abin da ya shiga rumbu ɗaya kulawa ɗaya yake samu, ko lissafin albashi ne ko aikin gwaji. Ta biyu, da yake ana iya ɗauke kwamfutar kwaikwayo cikin sauƙi, idan rumbun zinariya ya cika sai a matsar da wata zuwa na tagulla da niyyar a mayar da ita gobe, sa'an nan a manta. Za ta ci gaba da aiki lafiya lau, ba wanda zai san kariyarta ta ragu sai ranar da faifai ya mutu. Ta uku, sanin abin da ke ina yana cikin kan mutum ɗaya ko biyu. Idan aka yi wa jami'in canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, ya tafi da sanin ke nan. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

4. Ajiya bisa ƙa'ida

Sabuwar hanya ta juya tambayar. A da ana tambaya, a wane rumbu za a sa wannan? Yanzu kuwa ana tambaya, wace irin kulawa wannan bayani yake bukata? Sai a rubuta amsar cikin manhaja, a ba ta suna, a liƙa ta ga kwamfutar kwaikwayo. Wannan rubutacciyar amsa ita ce ƙa'idar ajiya. Duk inda kwamfutar ta je, ƙa'idarta na biye da ita.

IBM ne ya fara kafa wannan tsari sosai, da manhajar DFSMS wadda ya sanar a shekarar 1988. A cikinta kowane fayil yana samun aji: ajin da ke faɗin siffarsa, da ajin da ke faɗin saurin da yake bukata, da ajin da ke faɗin sau nawa za a kwafe shi da tsawon lokacin da za a riƙe shi, sai kuma rukunin faya-fayan da zai zauna a kansu. VMware ya kawo irin wannan tunani ga kwamfutocin kwaikwayo a 2011. A 2014 ya fito da manhajar vSAN, wadda ke haɗa faya-fayan da ke cikin iyayen kwamfutoci su zama ma'ajiya guda, wadda ƙa'ida ce kaɗai ke faɗin yadda za a shimfiɗa kowane bayani a cikinta. Kamfanin Broadcom ya sayi VMware a watan Nuwamba na 2023. Kamfanin Microsoft da manhajar Kubernetes su ma suna da irin nasu tsarin. An ɗauki misalai daga vSAN a nan ne domin lissafinta a fili yake, ba don an fifita ta a kan saura ba.

Aikin yana tafiya ne mataki huɗu. Da farko ma'ajiya tana sanar da manhaja abin da take iyawa, kamar saurinta da yawan kwafin da za ta iya riƙewa. Na biyu, jami'i ya rubuta ƙa'ida daga cikin waɗannan abubuwa. Na uku, idan za a buɗe sabuwar kwamfutar kwaikwayo sai a zaɓi ƙa'ida, manhaja ta nuna wuraren da suka dace da waɗanda ba su dace ba. Na huɗu, manhaja ta ci gaba da dubawa ko ana cika ƙa'idar.

5. Abin da ake rubutawa cikin ƙa'ida

Babban sharaɗi shi ne yawan lalacewar da bayani zai iya jurewa ba tare da ya ɓace ba. Ana cim ma wannan ta hanya biyu.

Hanya ta farko ita ce kwafi. Idan ƙa'ida ta ce a jure lalacewa 1, sai a ajiye kwafi 2 a kan iyaye dabam dabam. Bayani mai gigabayit 100 zai ci wurin 200 ke nan. Amma ana bukatar uwa ta uku wadda za ta riƙe wani ɗan ƙaramin abu da ake kira shaida. Dalilinsa shi ne, idan wayar da ke haɗa iyaye biyu ta katse, kowace za ta zaci ɗayar ta mutu, ta ci gaba da rubutu ita kaɗai. Daga baya sai a sami littafi biyu masu saɓani, ba a san na gaskiya ba. Shaida ce ke raba gardama: ɓangaren da take tare da shi yana da rinjaye, shi zai ci gaba, ɗayan ya dakata. Saboda wannan rinjaye ne jure lalacewa 2 ke bukatar kwafi 3 da iyaye 5, jure 3 kuma kwafi 4 da iyaye 7.

Hanya ta biyu ita ce lissafi. Tushenta sananne ne tun daga takardar da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka buga a 1988, inda sunan RAID ya fito. Ga misali mai sauƙi. A ce akwai lambobi 3, watau 4 da 7 da 9, kowace a kan takardarta. A takarda ta huɗu sai a rubuta jimlarsu, 20. Idan takardar da ke ɗauke da 7 ta ƙone, a cire 4 da 9 daga 20, sai 7 ta dawo. Lissafin da kwamfuta ke yi ya ɗan bambanta da tarawa, amma hikimar ɗaya ce. A tsarin da vSAN ta fito da shi a 2016, wannan hanya tana bukatar iyaye 4, kuma gigabayit 100 zai ci wurin kimanin 133 maimakon 200. Domin jure lalacewa 2 kuwa ana bukatar iyaye 6, ya ci wurin 150 maimakon 300. An yi tsimin wuri, sai dai kowane rubutu yana jawo ƙarin aikin lissafi.

Bayan wannan akwai wasu sharuɗɗa. Ana iya ƙayyade yawan karatu da rubutun da kwamfuta ɗaya za ta yi cikin daƙiƙa, domin kada ɗan haya ɗaya ya ƙwace rijiya ya bar saura da ƙishirwa. Ana iya cewa a kulle bayani da mabuɗin sirri, yadda ko an saci faifan ba za a iya karanta shi ba. Ana iya cewa kada kwafi 2 su zauna cikin akwati ɗaya, tun da wutar lantarki ɗaya suke sha. Har ma ana iya raba kwafin tsakanin gine-gine biyu, a ajiye shaida a wuri na uku, muddin saƙo zai je ya dawo tsakanin gine-ginen cikin abin da bai wuce kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa ba.

6. Misali

A ƙaddara wata ma'aikata tana da kwamfutocin kwaikwayo 3. Ta farko tana riƙe da lissafin albashi, gigabayit 500. Ta biyu tana riƙe da tsofaffin wasiƙu, gigabayit 3,000. Ta uku ta gwaji ce, inda ma'aikata ke koyon sabuwar manhaja, gigabayit 300. Jimla 3,800.

Idan aka yi wa duka kwafi 3 don tsoro, za a sayi wurin gigabayit 11,400. Idan aka yi wa duka kwafi 2, wurin zai zama 7,600, amma mutuwar faifai 2 a jere tana iya tafiya da lissafin albashi. Bisa ƙa'ida kuwa, sai a ba albashi kwafi 3, ya ci 1,500. A tsare wasiƙu da hanyar lissafi, su ci 4,000. A bar ta gwaji ba kwafi, ta ci 300, tun da ko ta ɓace ana iya sake gina ta. Jimla 5,800. An kashe kuɗi ƙasa da na sauran hanyoyin biyu, kuma abin da ya fi daraja ya sami kariyar da ta dace da shi. Manomi ma ba ya yi wa irin shuka da ƙaiƙayi ajiya iri ɗaya.

7. Sa ido da gyara

Amfanin da ya fi kowanne shi ne sa ido. A gaban sunan kowace kwamfutar kwaikwayo manhaja tana nuna ko ta cika ƙa'ida ko ba ta cika ba. Idan faifai ya mutu, kwamfutar za ta ci gaba da aiki da kwafin da ya rage, amma nan take za a nuna ba ta cika ƙa'ida ba, manhaja kuma ta soma gina sabon kwafi a wani wuri. Idan kuwa uwar kwamfuta ce ta ɓace daga layi, wataƙila an kashe ta ne domin gyara, vSAN takan jira minti 60 kafin ta soma ginin, sai fa in an canja mata wannan lokaci. Hikimar jiran ita ce kada a wahalar da cibiya da kwafe dubban gigabayit saboda uwar da za ta dawo bayan minti 10.

Haka kuma idan darajar wani bayani ta ƙaru, ba sai an kashe kwamfuta ba. Canja mata ƙa'ida kawai za a yi, manhaja ta sake shimfiɗa bayanin tana cikin aiki. Sai dai wannan yana bukatar sarari, domin sau da yawa sai an gama gina sabon kafin a rushe tsohon. Ma'ajiyar da aka cika maƙil ba ta iya gyara kanta. Wajibi ne a bar mata wurin juyawa, kuma kada a canja ƙa'idar kwamfutoci da yawa a lokaci guda, balle a ƙarshen wata lokacin biyan albashi.

8. Abin da ƙa'ida ba ta iya yi

Lalle ne mai karatu ya gane cewa kwamfuta tana zartar da abin da aka rubuta ne, ba ta san darajar bayani ba. A vSAN, kwamfutar da ba a zaɓar wa ƙa'ida ba takan faɗa ƙarƙashin ƙa'idar gama-gari, wadda ke jure lalacewa 1 kaɗai. Idan aka bar lissafin fansho a kanta, manhaja za ta nuna komai daidai ne, domin an cika abin da aka nema, ko da yake abin da aka nema bai isa ba.

Abu na biyu, kwafi ba ya maye gurbin ajiyar ko-ta-kwana. Duk abin da aka rubuta a kwafi ɗaya, nan take yake shiga sauran. Idan ma'aikaci ya goge fayil bisa kuskure, ko ɓarayin intanet suka kulle bayanai suna neman kuɗin fansa, ɓarnar za ta sami kwafi 3 ɗin gaba ɗaya. Maganin wannan shi ne ajiya ta dabam da ake ɗauka lokaci lokaci, a kai ta wani wuri mai nisa, a kuma riƙa gwada dawo da ita domin a tabbata tana aiki.

Batun nisa ba wasa ba ne. Ran 10 ga watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen cibiyar kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na ƙasar Faransa, ta kuma lalata wani sashe na na kusa da shi. Waɗanda suka ajiye ko-ta-kwanarsu a wani gari sun farfaɗo. Wasu daga cikin waɗanda ajiyarsu ke wuri ɗaya da asalin bayanan sun rasa duka biyun.

9. Nauyin da ke kan shugabanni

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta wajabta wa duk wanda ke riƙe da bayanan mutane ya ɗauki matakan tsare su daga ɓacewa da lalacewa da faɗawa hannun wanda bai dace ba. Ta hana a riƙe su fiye da lokacin da ake bukatarsu. Ta kuma ce idan aka sami ɓaraka mai haɗari ga masu bayanan, a sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya cikin awa 72 daga lokacin da aka gano ta. Rubutacciyar ƙa'ida tana taimakawa a nan, domin ita ce hujjar da za a nuna wa mai bincike cewa ga abin da aka yanke, ga kuma shaidar ana bin sa.

Saboda haka rubuta ƙa'ida ba aikin injiniya kaɗai ba ne. Injiniya ya san abin da faifai ke iyawa. Amma akanta ne ya san abin da zai faru idan lissafin albashi ya tsaya kwana 3, jami'in asibiti kuma shi ya san darajar katin mara lafiya. Ya kamata shugaban kowace ma'aikata ya zaunar da su wuri ɗaya su amsa tambayoyi 4 a kan kowane rukunin bayanai: Awa nawa za a iya jurewa ba tare da shi ba? Aikin awa nawa za a iya sake yi idan ya ɓace? Wa ke da izinin ganinsa? Shekara nawa za a riƙe shi? Daga amsoshin nan ake fitar da ƙa'idoji kaɗan masu suna a fili, waɗanda sabon ma'aikaci zai gane ba sai ya tambaya ba. A kuma riƙa sake duba su, domin aikin da aka fara a matsayin gwaji yakan zama abin dogaron jama'a ba tare da an lura ba. Tun ran gini ake zane.

Tambayoyi domin bita

1. Mece ce kwamfutar kwaikwayo, kuma a ina bayananta suke zaune?
2. Waɗanne illoli 3 ne ke tattare da tsohuwar hanyar zaɓen rumbu da hannu?
3. Mene ne aikin shaida idan wayar da ke haɗa iyaye biyu ta katse?
4. Bayani mai gigabayit 600 zai ci wuri nawa idan an yi masa kwafi 3? Nawa kuma idan an bi hanyar lissafi ta iyaye 4?
5. Don me kwafi 3 ba sa hana asara idan an goge fayil bisa kuskure?